GOG: shagon da wasanninsa suka buɗe lokacin da aka ɗauke sabis a Gusau

Tun da bankuna suka sake barin katin naira ya yi sayayya da dala a watan Yulin 2025, samarin da ke kawo mini gyaran kwamfuta suke ta tambayata inda ya kamata su sayi wasa a intanet. Amsata kullum GOG ce, kuma yawancinsu ba su taɓa jin sunan ba. Wasu ma sai su ɗauka wani dandalin kayan sata ne. Shago ne na halal, kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ne ya buɗe shi a 2008 da sunan Good Old Games. Ba araha ce ta sa na riƙe shi ba. Abin da ya same ni a watan Satumban 2021 ne.

Duk wanda yake Zamfara a lokacin ba sai an tuna masa ba. Ranar 3 ga Satumba aka ba kamfanonin waya umarnin rufe layukansu a faɗin jihar, aka ce na mako biyu ne, don a samu damar fatattakar 'yan bindiga. Mako biyun ya wuce ba a buɗe ba. Mu na Gusau sai ranar 1 ga Oktoba muka ga sabis, mutanen sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. An rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka. Mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don su kira 'yan uwa kawai, kafin ita ma Funtuwar a rufe ta tare da wasu ƙananan hukumomin Katsina. Na san sarai wasan kwamfuta ba ya cikin manyan asarorin wannan wata. Mai POS ya zauna hannu rabbana, ɗan kasuwa ya kasa karɓar kuɗinsa, mai mara lafiya ya rasa yadda zai nemi mota da dare. Ba na haɗa damuwata da tasu. Amma abin da na gani a kan teburina ya nuna mini wata cuta da ake yi mana wadda ba mu cika lura da ita ba sai irin wannan rana ta zo.

Rabin sana'ata saukar da manhajoji ne, don haka aiki ya tsaya cak. Ina da sola a shago, kwamfutata na da caji, ga lokaci mai yawa. Sai na ce bari in ƙarasa wani babban wasa na labari da na saya da tsada a wani shagon intanet daban, ba GOG ba. Wasa ne na mutum ɗaya. Babu abokin karawa a wata ƙasa, babu abin da yake ɗebowa daga waje, komai nasa yana cikin ma'ajiyar kwamfutata, kuma da datar da na saya da kuɗina na sauke shi cikin dare. Na danna shi, sai ya fito da wani ɗan akwatin rubutu wai sai an haɗa da intanet ya tabbatar da cewa ni ne mai shi. Na kashe kwamfutar na kunna, haka. Na gwada tsarin da suka ce an yi don lokacin da babu intanet, shi ma ya ce sai na fara shiga asusuna tukuna. To ta ina? Jiha guda babu layi, ni kuma ana ce mini in kawo shaidar abin da na riga na biya.

Wannan kullen shi ne ake kira DRM. Wata 'yar manhaja ce da ake cusawa cikin wasa, takan karɓo izini daga kwamfutocin kamfanin ta ajiye. Idan wa'adin izinin ya ƙare, ko ka canza wani abu a jikin kwamfutarka, ko Windows ta sabunta kanta, sai ta ce sai an sake tambayo su. Wai don a hana satar fasaha ake yi. Kamar ka sayi babur ne ka biya lakadan, mai shago ya ce makulli zai zauna a wurinsa, duk safiya ka zo ka nuna rasit.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo ne da yamma. Ƙanen wani abokina, yaro ɗan sakandare, ya shigo ya tarar da ni ina fama. Ya leƙa ya ga sunan wasan, ya ce, "Yaya, ai ina da shi a filash, kuma nawa yana yi. In ɗora maka?" Nasa na sata ne, wanda aka fasa kullen, irin wanda ake ɗora wa mutane a kasuwa da 'yan kuɗin da kowa ya sani. Yana buɗewa lafiya lau, babu mai tambayarsa komai. Ni da na ce haƙƙin mutane ne, guminsu ne, ba zan ci ba, na bi layin banki na biya da dala, ni ne aka kulle a waje. Na ce masa ya bar shi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin tsarin da aka ce an yi don ɓarawo bai taɓa ɓarawon ba ko kaɗan, mai gaskiya kaɗai ya kama.

A cikin wannan takaici na tuna da wata jaka a ma'ajiyata ta waje, inda na ajiye 'yan wasannin da na saya a GOG lokacin wani rangwame. Ban ɗauke su da muhimmanci ba a da. Na buɗe na Heroes of Might and Magic III, wasan 1999, na danna fayil ɗin ɗorawa. Ya ɗoru, ya buɗe. Bai nemi suna ba, bai nemi lambar sirri ba, bai ma san an ɗauke sabis ba. Wallahi sai da na tsaya ina kallon allon, don na riga na saba da cewa komai sai ya nemi izini.

Shi wannan wasa yana da tsarin karɓa-karɓa, mutum har takwas za su iya yi a kwamfuta ɗaya. Kowa ya gina garinsa, ya tara rundunarsa, ya gama motsinsa ya tashi na gaba ya zauna. Kafin a yi haka shagona ya zama majalisa bayan la'asar. Samarin da suka saba kowa ya duƙufa a kan wayarsa suka dawo suna gardama a kan wa ya ƙwace ma'adinin zinaren wa. Wani malamin firamare maƙwabcina, wanda a da yake cewa wasan kwamfuta ɓata lokaci ne, shi ya zama gwanin lissafin yawan dakarun da za su iya cin gari. Na ɗora wa yarana Stardew Valley a tsohuwar kwamfutar gida daga wannan jakar dai, suka yi ta noma da kiwon kaji. Babu wanda ya ce mini na ƙetare adadin kwamfutocin da aka yarje mini.

Ga abin da GOG ke yi wanda ya bambanta shi. In ka sayi wasa, yana ba ka cikakken fayil ɗin ɗorawa ka sauke ka ajiye inda ka ga dama. Suna da manhajarsu mai suna Galaxy, amma ba dole ba ce. A takarda su ma lasisi, wato izinin amfani da wasan, suke sayarwa kamar kowa, wannan gaskiya ce. Sai dai fayil ɗin da ke cikin aljihun teburinka ba wanda zai iya miƙo hannu daga Turai ya goge shi. A Disambar 2024 kamfanin Blizzard ya janye tsofaffin wasanninsa na Warcraft guda biyu daga shagon, amma waɗanda suka riga suka saya ba su rasa komai ba, GOG ma ya yi alkawarin ci gaba da gyara musu su don su yi aiki a sababbin kwamfutoci. Kwatanta wannan da The Crew, wasan tseren motoci na 2014. Kamfanin Ubisoft ya kashe kwamfutocin da ke riƙe da shi a ƙarshen Maris na 2024, wasan ya mutu a hannun kowa, har da wanda ya sayi faifai. Wannan ne ya sa wani Ba'amurke mai suna Ross Scott ya fara gangamin Stop Killing Games, na neman a daina kashe wasannin da mutane suka saya, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan 1 a Yulin 2025. Jihar Kalifoniya kuma ta yi doka a 2024 da ta hana shago ya rubuta "saya" in lasisi ne kawai, sai ya faɗa wa mutum ƙarara, amma ta ware kayan da mutum zai iya saukewa ya riƙe har abada ba tare da intanet ba.

To amma in na ajiye tunanin wancan wata a gefe, zan iya cewa ɗalibi ya je ya zuba kuɗinsa a nan? Da ƙyar. A 2021 dala tana wajen naira 410 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wasan da a da nake saye ba tare da dogon tunani ba, yanzu sai na jira rangwamen ƙarshen shekara, kuma ko da rangwamen sai na yi lissafin cefane. Ga data, wadda aka amince a ƙara wa kuɗinta kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, alhali sabon babban wasa yakan ci gigabayit 50 ko fiye. Sannan babban abin: wasannin ƙwallon ƙafa da samarinmu ke kwana a kai babu su a can, haka manyan wasannin harbi da ake yi da jama'a ta intanet. Masu su ne ba sa yarda su sayar ba tare da kulle ba. Yaro zai shigo da murna in buɗe masa shafin, ya duba ya duba, ya ce, "Oga, duk tsofaffi ne." Ba duka ba ne tsofaffi, akwai sababbi masu kyau, amma na gane abin da yake nufi, kuma ba ni da amsar da zan ba shi. Ga wanda ƙwallo kawai yake so, shagon nan ba shi da amfani.

Sai dai duk lokacin da na fara sassautowa, sai in tuna yadda muka ƙare da wancan kamfani. Da sabis ya dawo a Oktoba na rubuta musu, cikin ladabi, na bayyana cewa an rufe intanet a jiharmu baki ɗaya, wasan mutum ɗaya ya ƙi buɗewa, ina neman ko dai a cire mini wannan shingen ko a dawo mini da kuɗina. Amsar da ta zo ta na'ura ce, wai in duba ko wayar intanet ɗina a haɗe take, in kashe in kunna. Na sake rubutawa. Aka ce lokacin mayar da kaya ya wuce. Ba wanda ya karanta abin da na rubuta, ko ya tsaya ya yi tunanin cewa akwai inda hukuma ke kashe layin mutum miliyoyi da takarda ɗaya. A GOG, tun 2020, kana da kwana 30 ka mayar da wasa ko da ka sauke ka buga shi. Ban taɓa buƙatar yin haka ba, amma sanin cewa sun yarda da ni har haka ya ishe ni.

Baturen da ke sa hannu a takardar koke tsoronsa ɗaya ne, kada kamfani ya kashe kwamfutarsa. Mu namu biyu ne, domin ko kamfani bai kashe ba, ana iya kashe turken sabis ɗin unguwarmu. A shekarar 2021 ɗin dai aka rufe Twitter a Najeriya daga 5 ga Yuni har 13 ga Janairun 2022, kuma kotun ECOWAS ta yanke a Yulin 2022 cewa rufewar ta saɓa doka. Ƙudurin dokar 'yancin intanet da majalisa ta amince da shi, Shugaba Buhari ya ƙi sa masa hannu a Maris na 2019. Ina goyon bayan duk matakin da zai kawo ƙarshen kashe-kashe a garuruwanmu, jinin mutanenmu ya fi komai. Amma ina so a samu doka da za ta faɗi wanda ke da ikon rufe layi, da iyakar kwanakin, da kotun da za a je in an wuce gona da iri. Ina kuma so 'yan majalisarmu su san cewa yau littafin ɗalibi, da manhajar lissafin ɗan kasuwa, da darasin da aka biya, duk suna bin wannan tsari na neman izini daga waje. Abin da ya kulle mini wasa zai iya kulle wa wani abincinsa.

Wanda zai saya, kada ya tsaya ga danna maɓallin ɗorawa a cikin Galaxy. Ya shiga ɗakin ajiyarsa a shafin, ya nemi wurin saukar da fayilolin da ba sa buƙatar intanet. Manyan wasanni sukan zo a rarrabe, ƙaramin fayil ɗaya na farawa da wasu manya da kowannensu bai wuce gigabayit 4 ba. Dole a tara su duka a jaka ɗaya ba tare da an canza musu suna ba, in ɗaya ya ɓace ɗorawar ba za ta yiwu ba. A kwafe su a ma'ajiyar waje, a gwada ɗora su sau ɗaya bayan an kashe data, tun sabis yana nan.