Gargaɗi kan mai sayar da "waƙar Zack de la Rocha da ba ta fita ba"

Jama'a wallahi raina a ɓace yake. Dubu 45 wani ɗan damfara ya cinye min, dubu 45 a wannan marrar, a kan waƙa ɗaya tak.

Kuma kafin wani ya zo yana cewa ni na kai kaina, ku tsaya ku ji. Duk mai bin Rage Against the Machine, ƙungiyar kiɗan rock ta Amurka, ya san mawaƙinsu Zack ya bar ƙungiyar a Oktoban 2000, sauran suka je suka haɗa Audioslave da Chris Cornell, shi kuma ya shiga situdiyo zai yi album nasa shi kaɗai. Ya yi aiki da DJ Shadow, ya yi da Trent Reznor na Nine Inch Nails, shi da Reznor ɗin waƙoƙi wajen 20 aka ce sun yi, aka ajiye su, "We Want It All" ce ta samu fitowa a 2004. Ko a 2016 da ya saki wata da El-P ya haɗa mata kiɗa an ce album na nan tafe a 2017, shiru kake ji. To waƙoƙin nan akwai su, ba tatsuniya ba ce, kuma gayen duk ya san wannan tarihin, har gyara min shekara ya yi muna hira. Wa zai yi zargi?

Ya turo min ɗanɗano na sakan 20. Na sa abin kunne na ji, na sake ji, muryar ce sak, har yadda yake jan numfashi kafin ya fasa ihu, ga gita a ƙasa tana gurnani. Tsigar jikina ta tashi. Wurin nan nake ta komawa a raina, sakan 20 ɗin nan.

Au, kafin nan ma sai da ya ce wani a Jamus ya riga ya taya, in ban tura ba kafin dare shi zai ba. Dubu 30 na fara turawa, ya aiko fayil a kulle, wai lambar buɗewa sai na cika 15. Na cika. Ko a'a, maganar ɗan Jamus ɗin bayan 30 ɗin ne ma ya kawo ta. Ko ma dai yaya ne 45 ta tafi, lambar ba ta buɗe komai ba, da safe na duba ya yi bulokin ɗina ya sauya suna da hoto.

Wani abokina mai haɗa kiɗa ya saurari ɗanɗanon ya ce muryar AI ce aka ɗora kan gita. Shi ma fa sai da ya maimaita kafin ya gane, kuma sana'arsa ce.

Hirarmu da rasit ɗin duka na ɗauki hotonsu, zan sa su anjima in na rufe lambar asusuna. Kar ku tura wa kowa ko sisi kan waƙar da ba ta fita ba. Dubu 45 ɗina kuwa ban yafe ba, Allah ya isa.