Wasiƙa daga Landan: an rataye riga a gilashi, babu sunan maɗinki

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da yara da duk mutanen shago. Ka tambaye ni a waya inda nake zuwa ranakun da ba ni da aiki, tunda kullum ka kira sai ka ji ina cikin bas. Katin waya ba zai ɗauki amsar ba, shi ya sa na zauna na rubuto. Maganar kuma ta shafi sana'ar gidanmu ta ɗinkin manyan riguna.

Abin ya samo asali ne daga sanyi. Hunturun farko da na yi a nan, ƙarshen 2023, rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu, ɗakin da nake haya a Peckham kuma kuɗin ɗumama shi ya fi ƙarfina in zauna ciki wuni guda. Wata abokiyar aikina 'yar Gana ta ce in tafi Tate Modern, shiga kyauta ne kuma akwai ɗumi. Ban yarda ba da farko. Ashe tun 2001 manyan gidajen tarihi da na zane na gwamnatin ƙasar nan ba sa karɓar kuɗin shiga babban zaure. Kuɗin bas kawai na biya, fam ɗaya da fenni 75.

Ginin tsohuwar tashar wutar lantarki ce a bakin kogin Tems, aka mai da ita gidan zane a shekarar 2000. Zauren da injinan suke a da tsayinsa ya kai mita 35. Ina shiga na ɗaga kai, sai ga wani abu rataye daga rufi kamar ƙaton mayafin sarauta, ja wur, yana ɗaukar ido. Na rantse na zaci saƙa ce. Sai da na matsa na ga marafan kwalabe ne, dubbai, an daddake su an ɗinke da wayar jan ƙarfe. Na kwalaben giya ne, ban ɓoye maka ba, kuma da gangan mai aikin ya zaɓe su, saboda giya tana cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar tekunmu a zamanin cinikin bayi. Sunansa El Anatsui, mutumin Gana ne, amma tun 1975 ya koyar a jami'ar Nsukka shekaru masu yawa. Na fi awa ɗaya a wurin. Abin da ya tsayar da ni haɗin ne, yadda aka kama wannan guntu da wancan ba tare da ya yi tauri ba, har yana lanƙwasa kamar yadi. Wanda ya taɓa zama ya cika aska takwas da allura ya san irin haƙurin da ke ciki.

Daga nan na kamu. Kuma a nan ne na fara ganin bambancin hidima tsakaninmu da su. Kowane gida yana da shafinsa na intanet, kafin ka fita ka san abin da ake nunawa, a wane hawa, har zuwa wace rana, da ko akwai kuɗi. Wasu sun ɗauki hoton kayan da ke rumbunsu sun zuba a intanet, kana iya buɗe hoton har ka ƙirga zaren. Akwai kuma Google Arts & Culture, wanda ko kai daga Zariya za ka iya shiga da wayarka in akwai data. Ƙananan wuraren baje koli kuwa a Instagram nake gano su, matasan masu zane suna sa ranar buɗewa, kowa ya zo. A wurin kuma akwai kujerun zama, akwai wurin ajiye jaka, akwai lif saboda masu keken guragu, ma'aikaci yana tsaye ka tambaye shi ya amsa maka da ladabi ko ba ka sayi komai ba.

Ba komai ne kyauta ba. Baje koli na musamman tikitinsa yakan kai fam ashirin ko kusa, wanda a wurina kuɗin cefanen kwanaki ne, sai na zaɓa na darje. Kuma ba duk ɗaki nake shiga ba. Akwai hotunan tsiraici, akwai abubuwan da zuciyata ba ta karɓa, in na hango sai in wuce. Akwai kuma waɗanda na tsaya na karanta bayaninsu har ƙarshe ban ga aikin hannu a ciki ba, ban ga abin da ya sa aka ba su bango guda ba. Ba na jin dole ne in yaba don kawai an rataye shi a Landan.

Wanda na biya kuɗi da farin ciki shi ne baje kolin masu zanen Najeriya da Tate Modern ta buɗe a watan Oktoban 2025. Yaya, garinmu na gani a bango. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya a 1958, kafin ta zama jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, su ne suka ce ba za su tsaya kwaikwayon malamansu Turawa ba, za su haɗa abin da suka koya da abin da suka gada. Shekara nawa muna wucewa ta Samaru, ban taɓa jin labarin nan ba sai a ƙasar wasu. Ga kuma tukwanen Ladi Kwali, matar da ke bayan takardar naira ashirin. 'Yar Gwari ce, ta iya ginin tukunya tun a gida kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Suleja a 1954, lokacin garin yana amsa sunan Abuja. Tulun ruwa ne fa, irin wanda muka sani, da zanen ƙadangare da kifi a jiki. Amma an ɗora shi a kan dakali, an haska shi, an rubuta sunanta da shekarar da ta gina shi, mutane suna zagaya shi a hankali kamar masu gaida sarki.

Sunan nan shi ne abin da ya hana ni barci. Wani dare na shiga rumbun hotunan wani babban gidan tarihi na nan, na rubuta kalmar riga. Sai ga manyan riguna sun fito, na saƙi, na tsamiya, wasu an rina su da shuni an buga har suna ƙyalli. Aska biyu, aska takwas, tambari a ƙirji, duk ga su. An rubuta tsawo da faɗi, an rubuta irin zaren, an rubuta wanda ya kawo ta Ingila da shekarar da ta shigo. Wurin sunan wanda ya yi ta kuwa, sai a ce Hausa, ko Nufe. Rigar da masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mabugi ya buga, malami ya zana, maɗinki ya kwashe watanni yana cikawa, duk an haɗa su a kalma ɗaya. Ban ɗora laifin duka a kansu ba, domin mu ma haka muke yi. Rigunan da Baba, Allah ya jiƙansa, ya ɗinka wa hakimai, wa ya san nasa ne yau in ban da ni da kai da Inna? Ko masallacin Juma'a na cikin birni, da ba a riƙe sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu ba, da yanzu sai dai a ce aikin mutanen da.

In kuwa kaya za a gwada, ba hidima ba, wallahi ba su fi mu ba. Aikin hannu a ƙasar nan tsada gare shi ƙwarai, rage tsawon wando kaɗai sai ka ji a jikinka. Na shiga kantin da ke cikin wani gidan zane na ga gyale mai ɗan ado na inji, kuɗinsa ya fi na hular da yaranka suke kwashe mako biyu suna ɗinkawa, wadda mai saye zai zo ya taya rabin kuɗi yana cewa albarka ba ta yi ba. Na ga kuma aikin Yinka Shonibare, ɗan Najeriya da ke nan, jirgin ruwa a cikin ƙatuwar kwalba a ƙofar gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich, filafilansa na atamfa ne. Atamfar da Inna take tayawa a Kantin Kwari. Shi abin da yake nunawa shi ne yadin da ake kira na Afirka asalin fasaharsa daga Indonesiya take, Holan da Ingila suka riƙa bugawa suna sayar mana. Tunanin ya burge ni, amma yadin dai namu ne na kullum.

Akwai kuma abin da muke da shi da su ba su da shi. A Ƙofar Mata kana tsaye bakin karofi, marini yana tsoma yadi yana ɗagawa iska ta kama shi, ka tambaye shi ya ba ka amsa, ka taɓa, ka shinshina. A nan akwai layi a ƙasa, in ka ƙetare ƙararrawa ta yi kuka. A kasuwar zane ta 1-54, wadda ake ci duk Oktoba a Somerset House tun 2013, sunanta kuma daga ƙasashen Afirka 54 ne, yawanci ba a rubuta farashi, sai ka tambaya, jan ɗigo a gefen aiki kuma yana nufin an saya. Mai aikin ba lallai ka gan shi ba, dillalinsa ne a tsaye. Su ma sun fara gane wannan nisa. Gidan V&A, wani babban gidan tarihin zane da aikin hannu na nan Landan, ya buɗe wani rumbu a unguwar Stratford a watan Mayun 2025, inda kowa zai iya shiga intanet ya zaɓi abu har biyar daga kayan ajiyarsu, a sa masa rana, a fito masa da su kan tebur ya duba kusa da kusa, ba ko sisi. Wannan hidimar ita ce ta fi komai burge ni a garin nan. Da Gidan Makama a Kano zai yi ko rabin haka, ɗaliban ɗinki da rini su riƙa neman tsohuwar riga a fito musu da ita, da an ga canji a aikin yara.

To Yaya, ga roƙona. Zan turo kuɗi ƙarshen wata. A sayi littafi mai kauri, duk rigar da za ta fita daga shago a rubuta ranar da aka fara da ranar da aka gama, sunan wanda ya zana, sunan wanda ya cika, irin yadin da zaren. A ɗauki hotonta da rana a jikin farin bango, gaba da baya, da wuya kusa-kusa. A ɗinka ɗan ƙyalle a ciki, ta wajen wuya, mai sunan maɗinki. Na san wasu masu saye za su ce wane sabon salo ne wannan, a bar su. Sannan rigunan Baba uku da ke adakar Inna, a fito da su a shanya a inuwa, kada asu ya gama da su, ka zauna da ita ta faɗa maka wadda ya ɗinka kafin aurensu da wadda ya yi wa bikin naɗin nan, ka rubuta yadda ta faɗa. Ka turo min hoton mai tsamiyar tukuna, ita nake son in nuna wa abokiyar aikin nan tawa.

Ka gaida Inna da kyau, ka ce mata maganin ƙafarta yana hanya tare da wani da zai sauka Kano.

Ƙaninka.