Lasisin elik na kanti ko ƙuri'ar barewa a Kolorado? Ka shiga ƙuri'a

Ƙanena, tsakanin lasisin farautar elik (babbar dabbar nan dangin barewa) da ake saya kai tsaye a kanti da lasisin barewa da sai an shiga ƙuri'a, ka ɗauki na barewa. Duka biyun na riƙe su a nan jihar Kolorado ta Amurka. Ɗaya ya cika mini firiza, ɗayan ya cinye mini hutun mako guda da kuɗin mai.

Tun 1999 jihar nan ta mayar da kusan duk farautar barewa ta hanyar ƙuri'a, domin a ƙayyade yawan mafarautan da ke shiga kowane yanki. Hukumar namun daji ta jiha, CPW, ta raba ƙasar yanki-yanki, kowanne da lambarsa da adadin lasisin da aka ware masa. Ana rufe karɓar buƙata ranar Talatar farko ta watan Afrilu, sakamako ya fito wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Idan ba ka samu zaɓinka na farko ba, ana rubuta maka maki ɗaya, kuma makin nan shi ke tura ka gaba a layi baɗi. Kafin su saurare ka sai ka sayi ƙaramin lasisin share fage, irin na farautar zomo da tsuntsaye, sannan ka nuna katin kwas ɗin koyon farauta. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1949 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin nan, ko da kakansa Sarkin Baka ne.

Shekarata ta farko ban samu ba, maki ɗaya na tashi da shi. A ta biyu na samu lasisin namiji a wani yanki da ke yammacin duwatsu, a zangon bindiga na biyu, ƙarshen Oktoba. Ni da wani dattijo maƙwabcina muka tafi, mutumin da ya fara farauta tun ban zo duniya ba. Da asuba na fito alwala na tarar ruwan buta ya daskare, sai da na ɗora shi kan risho. Muka hau wani tudu muka zauna shiru, doka ba ta yarda a yi harbi ba sai saura rabin awa rana ta fito. Kwana uku muka yi a wurin, mafarauta huɗu kacal na gani, su ma daga nesa. A safiya ta uku ya fito daga cikin ƙananan itatuwa yana bin mata biyu, kunnuwan nan zaro-zaro kamar na alfadari. Hannuna na rawa, dattijon ya dafa kafaɗata ya ce in numfasa tukuna. Na yi bisimilla na saki. Da muka isa da sauran rai a jikinsa, na sa wuƙa na yanka. Mu biyu muka ja shi zuwa mota kafin azahar, ba wanda ƙugunsa ya motsa.

Na sa hannu a takardar da ke zuwa da lasisin na ɗaura masa nan take, na kuma bar alamar jinsinsa a jikin naman kamar yadda doka ta ce. Kan kuma na kai a gwada shi saboda cutar nan da ke ramar da barewa, CWD, wadda a wasu yankunan gwajinta dole ne. Ba mu taɓa naman ba sai da sakamako ya fito lafiya. Uwargida ta yi dambu, ni na yi kilishi a tanda, har yanzu yara na tambaya yaushe za a sake. Naman yana da ɗan ƙanshin ganyen dajin da yake ci, farko ka ji baƙo, daga baya ka riƙa marmarinsa.

Shi kuwa lasisin elik na kanti, to, yana da ranarsa: ba ka jiran kowa, kuma ba jihar da ta kai Kolorado yawan elik, sun doshi dubu ɗari uku. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Abin da ya sa ya yi maka sauƙin samu shi ya sa ya yi wa kowa sauƙi. Shekarar da na saye shi, duk tudun da na hau sai na hango mafarauta cikin rigunansu masu ruwan lemo kamar ranar kasuwa, motoci daga Teksas da ko'ina sun cika bakin hanya. Elik ba wawa ba ne, harbin farko na safiyar buɗewa yake tsallakewa gonakin masu kiwo inda ba ka da izinin shiga. Lasisin da na saya kuma na namiji ne kawai, kuma a yawancin yankuna sai mai rassa huɗu a ƙaho ɗaya ko dogon reshen goshi. Na yi ta haki a tsaunin da ya kai mita 3,000, na ga mata, na ga wani ɗan saurayi da bai cika sharaɗi ba, na dawo da harsashina cif.

Ka ma ɗauka ka dace. Babban namiji yakan kai kilo 300, kuma ba a bakin titi zai faɗi ba. A bayanka za ka yi ta jigilarsa, sawu bayan sawu cikin dusar ƙanƙara, domin barin nama ya lalace a daji laifi ne babba a nan. Wanda bai taɓa feɗe barewa shi kaɗai ba, ban ga dalilin da zai fara da wannan ba. Dokar lasisin elik ɗin ma ba ta zama wuri ɗaya. Bayan mugun sanyin 2022 zuwa 2023 da ya kashe dabbobi da yawa wajen garuruwan Craig da Meeker, an rage lasisi sosai a arewa maso yamma, an kuma gajarta kwanakin masu lasisin kanti a can. Daga 2025 baƙin da ba mazauna jiha ba sun daina samun na kwari da baka a kanti a yammacin jihar, sai ta ƙuri'a.

Maganar kuɗi, mazaunin jiha na biyan 'yan dala gomomi a kowanne, amma baƙo na biyan wajen dala 800 a kan elik. Sai ka cika wata shida a jere a jihar kafin ka zama mazauni a wurinsu. Kada ka yi musu ƙarya a nan don ragin kuɗi, suna dubawa.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi dillalan Facebook. Lasisi da sunan mutum yake fita, ba a sayar wa wani, ba a aro. Duk wanda ya ce yana da na ɗan'uwansa da ba zai je ba, zai sakar maka da araha, tara yake sayar maka. Akwai takardun samun lasisi da ake ba masu manyan gonaki, waɗannan halas ne, amma daga hannun mai gonar za ka karɓa, doka ta hana ɗan tsakiya. Haka masu cewa za su yi maka jagora su kai ka har inda garke yake: mai wannan sana'a dole ya yi rajista da jiha, ka nemi lambarsa ka duba kafin ka ba da kafin alƙalami. Wani abokina ya tura rabin kuɗi, ranar tafiya waya ta ƙi shiga. Wani kuma zai kai ka gonar da ba shi da izininta, in ma'aikacin daji ya zo, kai ne da bindiga a hannu.

Saboda haka ka gama kwas ɗin kafin Maris. Ka buɗe alƙaluman ƙuri'ar bara da hukumar ke wallafawa, ka nemi yankin barewa da mazauna ke samu da maki ɗaya ko babu, ka rabu da shahararrun yankunan da mutane ke tara maki sama da shekara ashirin suna jira. A wannan buƙatar dai ka nemi makin elik kaɗai ka ajiye, nan da 'yan shekaru ka nemi lasisin macen elik ta ƙuri'a, ta fi taushin nama ma. In ƙuri'ar Afrilu ta wuce ka, akwai ta biyu a tsakiyar shekara, ragowar kuma a sa su kasuwa farkon Agusta. Kuɗin da ka ware wa elik ka sayi takalmi mai kyau da su, ka fara taka shi tun bazara. Rigar lemo da hula kada ka saya, ina da biyu.