Kyamarar kama masu gudu ko tudun rage gudu a titunan Kano?

Dokar hanya ta Najeriya ta ce a cikin gari kada mota ta wuce kilomita 50 a awa. Amma tsaya a bakin titin Zariya da hantsi ka gani: uwa riƙe da yara biyu, ta sa ƙafa ta janye, ta sake sawa ta janye.

Tudun rage gudu ba ya buƙatar wuta ko ma'aikaci, ko ɗan adaidaita sahu marar lamba dole ya taka birki. A cikin unguwa da ƙofar makarantun firamare, ni shi na zaɓa. Aibinsa, bai san ɗan ganganci ba, bai san motar asibiti ba. Na taɓa raka mai naƙuda, kowane tudu sai ta damƙe hannuna tana salati.

Kyamara kuwa ta manyan tituna ce, irin titin Haɗeja da titin Katsina. Sai dai tana son lamba mai karantuwa da adireshin da takardar tara za ta isa. Kuma a kafa ta inda jama'a ke tsallakawa, da allon gargaɗi tun daga nesa, don direba ya sassauta kafin ya iso.