Bitwarden: Rumbun Kalmomin Sirri da Ya Cancanci Zama a Wayarka, Amma da Sharaɗi

Yawancin asusun da ake sacewa ba da wata gwaninta ake sace su ba. Yaro ya je kafe rajistar JAMB, mai kafe ya buɗe masa Gmail ya sa lambar wayarsa a matsayin kalmar sirri, shi kuma ya ɗauki lambar nan ya liƙa wa Facebook da TikTok da duk abin da ya buɗe daga baya. Ranar da ɗaya ya fashe, sauran sun bi shi. Magani sananne ne, wato kowane asusu ya samu tasa kalmar, doguwa, marar ma'ana. Sai dai babu mai iya haddace talatin irin wannan, kuma gurbin da Bitwarden ya zo cikewa ke nan.

Manhaja ce ta wani kamfanin Amurka, Kyle Spearrin ya fara ta a 2016. Tana ƙirƙiro maka kalmomin sirri, ta adana su a rumbu guda, ta cike maka su idan za ka shiga shafi. Kai abu ɗaya za ka riƙe a ka: uwar kalmar sirri, wadda ke buɗe rumbun. Ana kulle bayanan da tsarin ɓoye rubutu mai suna AES-256 tun a cikin wayarka kafin su tafi wurin kamfanin, saboda haka abin da ke hannunsu dunƙulen rubutu ne da su ma ba sa iya karantawa. Lambobin kwamfuta da aka gina manhajar da su a buɗe suke a GitHub, shafin da masu gina manhajoji ke ajiye aikinsu, kuma masu bincike na waje irin su Cure53 na Jamus sun sha tantance ta. A wurinmu wannan ya fi kowace talla nauyi.

Abin da ya sa muka fifita ta a kan takwarorinta shi ne sigar kyauta ba ta da rowa. Ba a ƙayyade yawan kalmomin da za ka adana ba, ba a ƙayyade yawan na'urori ba. Waya da kwamfuta duk rumbu ɗaya suke gani. Sigar kuɗi tana ƙara ajiyar fayil, da rahoton kalmomin da suka yi rauni ko aka maimaita, da damar naɗa wani amintacce da zai iya neman shiga rumbunka idan ta Allah ta kasance. Mai amfani na yau da kullum zai iya shekaru bai buƙace ta ba.

Wurin da ya kamata a tsaya a natsu shi ne uwar kalmar. Bitwarden ba ta karɓar ƙasa da harafi 12, amma kada ka tsaya a nan. A 2022 ɓarayi sun kwashe kulallun rumbunan masu amfani da LastPass, wata manhaja mai irin wannan aiki, kuma daga ranar abin da ya rage tsakanin ɓarawo da dukiyar mutum shi ne ƙarfin uwar kalmarsa kawai. Zaɓi kalmomin Hausa biyar ko shida da ba su da dangantaka da juna, irin a haɗa sunan kayan miya da na dabba da na wani abu a garejin makanike, a raba su da alama ko lamba. Kada ka ɗauko karin magana ko baitin waƙa, domin duk abin da jama'a suka sani ana iya cankarsa. Ka kuma guji haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ. Ranar da ka zauna gaban kwamfutar da ba ta da su, za ka tsaya kana kallon rumbunka a kulle.

Idan ka manta uwar kalmar, kamfanin ba zai iya dawo maka da ita ba. Ba ƙeta ba ce, ba su da ita ne. Don haka rubuta ta da biro a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun fili ko na makaranta. A kan wannan takardar ka ƙara abubuwa uku: kalmar sirrin imel ɗin da ka yi rajista da shi, lambar ceto da ake bayarwa idan ka kunna tabbaci na biyu (wato ƙarin shaida da ake nema bayan kalmar sirri kafin a shiga), da yankin da ka zaɓa lokacin rajista, Amurka ko Turai. Kowannensu yana da dalili. Rumbunan yankunan biyu a rabe suke, wanda ya buɗe a bitwarden.eu ya zo yana gwada shiga ta bitwarden.com za a ce masa kalmarsa ba daidai ba ce, alhali daidai take. Shi kuwa imel, tun 2025 Bitwarden kan aika lamba can idan wanda bai kunna tabbaci na biyu ba ya shiga daga sabuwar na'ura. To ka ga wanda aka ƙwace wa waya, kalmar imel ɗinsa tana cikin rumbu, lambar buɗe rumbun kuma tana cikin imel: ya kulle ɗaki da makulli a ciki.

Saitawa a Android ba ta wuce minti goma. Sauke ta daga Play Store, ka duba sunan kamfanin da kyau, kuma wayar ta kasance Android 10 ko sama. Cikin saitin manhajar ka nemi wurin da aka rubuta Autofill, ka zaɓi Bitwarden a matsayin mai cike maka gurbi. Kunna buɗewa da zanen yatsa don kada ka riƙa buga uwar kalmar a cikin jama'a. Rage lokacin da rumbu ke kulle kansa zuwa minti 1 ko 5, sannan ka saita ta ta goge abin da ka kwafa bayan daƙiƙa 30. Idan Chrome ne ke riƙe maka kalmomi a da, ana fitar da su a fayil ɗin CSV a shigar da su Bitwarden. A kula, fayil ɗin nan a fili yake, kowa zai iya karanta shi. Da an gama a goge shi, har daga kwandon shara.

Cike gurbin nan yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. Manhajar tana duba adireshin shafi kafin ta miƙa kalma. Idan aka turo maka mahaɗi a WhatsApp mai kama da Facebook sak, ka buɗe ka ga Bitwarden ta yi shiru, to mai yiwuwa shafin bogi ne. Kada ka kwafo da hannu ka liƙa.

Aibinta a fili yake. Cike gurbi a Android ba kullum yake fitowa ba, musamman a wayoyin da ke kashe manhajoji don tattalin batir. Cire ta daga jerin waɗanda ake takurawa yakan rage matsalar. Manhajojin banki da dama ba sa yarda a cike musu komai, dole ka duba ka buga da kanka. Idan babu data za ka iya ganin abin da ke rumbu, amma ba za ka iya ƙara sabo ko gyara tsoho ba. Fasalinta kuma bai kai na Google sauƙi ba ga wanda bai saba ba, dattijo zai buƙaci mai zama kusa da shi a ranar farko.

Akwai kuma abin da ba huruminta ba ne. Wanda ya kira ka ya ce daga banki yake, BVN ɗinka ta samu matsala, ka karanto masa lambar da ta shigo, Bitwarden ba ta da yadda za ta hana bakinka. Haka lamba shida ta WhatsApp, haka layin da aka zare daga wayar da aka sace aka sa a wata. Waɗannan maganinsu daban: sa wa layinka PIN, kunna tabbaci na biyu a WhatsApp, sannan ka adana lambobin biyu a rumbun, a sashen rubutun sirri, tare da lambar PUK, mai buɗe layi idan PIN ya kulle shi, da ke jikin katin da layin ya zo a ciki.