Ɗaurin miƙe ko gicciye uku: da wanne ɗan koyo zai fara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka fara koyon ɗaura wilin keke da ɗaurin miƙe, wanda kowane sifok (wayar wili) ke tashi daga hob (cibiyar wili) ya nufi rim sak, ko kuwa da gicciye uku. Ni dai gicciye zan ce maka.

Miƙe sauƙinsa a zurawa ne kawai. Sifok ɗinsa gajeru ne, ga kyau a ido, amma wilin gaba kaɗai ya dace da shi, shi ma sai mai birkin da ke kama rim. A baya, duk takun feda murɗa hob yake yi, sifok da ya tsaya sak kuwa ba ya iya tare murɗi. Haka abin yake in birkin a hob yake. Ƙari a kan haka, yana jan leɓen hob kai tsaye, hob ɗin da ba don shi aka ƙera ba yana iya tsagewa ta ramukan.

Gicciye uku kuwa, sifok a karkace yake fita, ya bi ta kan wasu sifok biyu, ya kutsa ƙarƙashin na uku. Ranar farko zai rikita ka, ba shakka. Amma in rim mai ramuka 36 ne, raba aikin gida huɗu, tara-tara. Taran farko, riƙa tsallake rami ɗaya a leɓen hob na gefe guda, uku a rim. Kula kada gicciye ya faɗo kan ramin bawul, in ba haka ba famfo ba zai samu shiga ba. Wannan ɗaurin ne ke jure buhun hatsi da hanya mai gargada.

Inda su biyun suka yi daidai shi ne ɗaurewa, kuma nan ne aikin yake. Tsawon sifok kada ya kauce da fiye da milimita 2. Ɗiga mai a bakin kowane notin da ke riƙe sifok a rim, ka bi su da zagaye iri ɗaya, in sun fara tauri ka koma juya kowanne kwatan zagaye. Kifa keken ka juya wilin don duba karkacewar rim, takalmin birki ya zame maka ma'auni. Ka riƙa ƙyasta sifok da farce. Wanda amonsa ya yi ƙasa, sako-sako ne.

Fara da wilin gaba. Na baya ɓangaren kaca ya fi ɗauri, sifok ɗinsa ma sun ɗan fi gajarta, bar shi sai hannunka ya faɗa.