Waya ko Garmin ko babban injin 'yan safiyo, wanne ya dace da bakin kogo?

Salam 'yan uwa. Ƙaninmu da ke aikin furojet a kan kogunan Marshall na Yankari ya tambaya jiya cewa wayarsa ta isa ya ɗauki lambobin GPS da ke nuna inda bakin kowane kogo yake a taswira ko sai ya nemi aron Garmin, wato na'urar GPS ta hannu, don ya gwada wayar sau biyu a wuri ɗaya lambobin sun saɓa. Na ga wasu har sun ce masa wayar ce jabu. Ba laifin wayar ba ne ƙanina, inda ka tsaya ne.

Taurarin GPS na Amurka suna can sama nisan kilomita kusan 20,200, kuma na'ura sai ta hango aƙalla huɗu kafin ta faɗi inda kake. To kogunan nan 59 a jikin gangaren dutse aka haƙa su, kai kuma ka je ka manne da bakin kogo, dutsen ya tare maka rabin sama, ragowar siginar ma sai ta bugi dutse ta dawo kafin ta shigo na'urar, sai na'ura ta lissafa doguwar hanyar nan a matsayin nisan gaskiya, shi ya sa ɗigon da ke nuna inda kake yake ta yawo a fuskar waya.

Waya a fili tana ba ka daidai cikin mita 5 haka. Ba ta buƙatar sabis ko data, sai dai in babu sabis takan ɗan jima kafin ta kama taurari, ka yi mata haƙuri. Sababbin wayoyi ma suna haɗawa da taurarin GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, wasu kuma suna kama zangon sigina biyu, L1 da L5, wanda ke rage wannan matsalar ta dawowar sigina. Damuwarta caji, ga zafin Yankari, kafin azahar ta fara kuka.

Garmin ta hannu irin eTrex ba wai ta ninka waya a daidaito ba, a fili tazararsu kaɗan ce. Abin da na fi so da ita batir AA take ci ka saya a kowane shago, tana jure faɗuwa da ruwa, sannan tana iya ɗaukar karatu da yawa a wuri ɗaya ta fitar da matsakaici. Don aikin kwana uku a daji ni ita zan ɗauka.

Babban injin 'yan safiyo mai kai biyu, ɗaya a kafe ɗaya yana yawo, shi daidaito har na santimita yake bayarwa, amma sai haya sai mai iya aiki da shi, kuma shi ma in ka cusa shi ƙarƙashin dutse ƙin kamawa yake. Wannan na masu kafa sheda ne.

Ko wacce ka samu, ka ja baya zuwa inda sama ta buɗe, ka bar ta minti goma tana karatu, ka sa alama a wurin, sannan ka ja tef daga nan zuwa bakin kogon ka ɗauki kusurwa da kamfas ka rubuta. Tunda kogunan suna kusa da juna, alama ɗaya mai kyau ta ishe ka auna da yawa daga gare ta, in kuwa ka bi su ɗaya bayan ɗaya da waya sai ka tarar na biyar ya hau kan na shida a taswira. Tsayi daga teku kuma kar ka amince da shi sosai, kuskurensa ya fi na kwance.

Sai abin da ke kayar da ɗalibai: na'urarka a kan ma'aunin taswira na duniya da ake kira WGS84 take ba da lambobi, tsofaffin taswirorin Najeriya kuma a kan ma'aunin Minna aka yi su, a yankin Yankari bambancin ya kusa mita 80. Ka rubuta wanda ka yi aiki da shi a littafinka, in lambobinka na UTM ne, wato tsarin da ke ba da wuri da mita, Yankari tana shiyya ta 32, in digiri ne ka bar lamba biyar bayan ɗigo don ta biyar ɗin ita ce kimanin mita ɗaya. Kuma kar ka shiga ba tare da ma'aikacin gandun ba, daji ne.